Kwamfutoci Shida na Gefen Taga

Ranar da Manaja ya karɓe makullin ɗakin gwaji daga hannun Baba Gagarau, ko kujera bai nuna masa ba. A tsaye ya karɓa, a bakin ƙofa, gaban mai gadi da matar da ke amsa waya, kamar wanda ya kama ɓarawon kaji. Ya ce daga yau Baba ya tsaya ga baranda da makewayi, ƙarshen wata kuma a zauna a yi magana. Baba ya san irin wannan zaman. Shekara goma sha tara yana share kamfanin nan, ya ga mutane da yawa da aka ce za a zauna da su, bai ga wanda ya kwana biyu bayan zaman ba.

Sunan Gagarau shi ya raɗa wa kansa, kuma har yau ba a haifi wanda zai ƙwace ba. Yana saurayi bel ɗin injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu, ya ɗaure hannun da tsumma ya ƙarasa wa mutane niƙansu. Babbar mota ta kife da su goma sha ɗaya, shi kaɗai ya fito da ƙafarsa, har da takalminsa duka biyu. Masaƙar da ya yi wa aiki ta ƙone ƙurmus, shi ne na ƙarshen fita, saboda sai da ya tsaya ya kashe janareta. Bai taɓa zama a aji ba, da bakinsa yake faɗa, amma babu injin da zai yi tari a gabansa bai gaya maka abin da ya shaƙe shi ba. Wannan mutumin ne yau aka ce yana lalata na'ura da tsintsiya.

Ga yadda abin ya faro. Kamfanin yana haɗa kwamfutocin tafi-da-gidanka, yana kuma kula da babbar manhajar da ke tafiyar da su. A cikin manhajar akwai wani ɗan yanki da ma'aikata ke ce wa direba, aikinsa ɗaya tak: ya riƙe linzamin ƙwaƙwalwar kwamfuta. In aiki ya taru ya sake mata ta zuba gudu, in babu aiki ya ja ta ta tafi sannu, kada ta yi zafi ta shanye batir. To wata uku ke nan masu saye suna kawo ƙorafi: kwamfuta tana ajiye ba ta aikin komai, amma fanka na ihu, ƙasanta kamar dutsen guga, batir ba ya kai awa ɗaya. A ɗakin gwaji ma, cikin goma sha biyun da ake bari a kunne, sai a zo da safe a tarar wasu sun ɗau zafi.

Babban injiniyan ɗakin wani ne da ake kira Dogo, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Yana da kalma guda da yake buɗe kowace safiya da ita: a kashe a kunna, a fara a kan tsabta. Da an kashe an kunna zafi ya tafi, sai su wuni suna gwaji lafiya lau, su tashi ba su kama ko wutsiyar matsalar ba. Da abin ya ishe shi, ya tambayi mai gadi wa ke riga su shiga ɗakin. Aka ce Baba. Shi ke nan, an samu mai laifi: tsohon nan ne ke tura ƙura cikin fanka, ko yana goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Na masu saye kuwa, ya ce wannan daban, wata ƙila fankokin da aka sayo ne marasa kyau.

Abin da ya fi ƙona wa Baba rai, sati guda da hana shi shiga, babu kwamfutar da ta sake zafi a ɗakin. Dogo ya riƙa wucewa ta baranda yana ɗaga ƙafa a kan sharar Baba kamar mai tsallake kwata, yana gaya wa na kusa da shi cewa ilimi ba ya ƙarya.

Akwai wadda ta fi Dogo ɓata wa Baba rai, ita ce 'yar ƙanwarsa. Ita ke kula da rubutun direban nan. A wuyansa ya riƙa kai ta makaranta in ruwa ya cika hanya, shi ya fara nuna mata yadda ake buɗe rediyo da wuƙar cin abinci. Ranar da aka karɓe makulli tana tsaye, ba ta ce uffan ba. Don haka da ta same shi a baranda lokacin hutun rana, ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa wa bango.

Ta ce ta san ransa a ɓace yake, kuma yana da gaskiya. Ta ce shirun ɗakin gwaji bai kwantar mata da hankali ba, domin jiya kaɗai ƙorafi tara suka shigo daga mutanen da ba su taɓa ganin tsintsiyarsa ba. Sannan ta yi tambayar da wata uku babu wanda ya yi.

"Kawu, waɗanne ne suke zafi?"

Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Shida na gefen taga. Na jikin bango ko sau ɗaya ba su taɓa ba. Au, masu digiri ba ku ƙirga ba?"

Ba su ƙirga ba. Kullum kafin a rubuta wacce ce da wacce, Dogo ya riga ya kashe duka. Shi kuwa Baba, tun zamanin injin niƙa ba ya barin ɗaki sai ya ɗora tafinsa a kan kowane inji, kamar uwa da goshin yaro. Ya ce tun satin farko ya gaya wa Dogo cewa inji babu kaya a kansa yana ihu, to mai riƙe da linzamin ne ya yi barci. Dogo ya ce masa ya share ya wuce.

Ta tambaye shi me yake yi wa teburin taga da ba ya yi wa na bango.

"Ke ma?" in ji shi, ya miƙe zai ɗauki bokiti. "Ke ma laifin kike nema mini? Na goya ki don ki zo ki yi mini shari'a?"

Ta riƙe bakin bokitin. Ta ce ba laifi take nema ba, hanya take nema. Duk abin da yake yi, shi ne abin da injiniya goma suka kasa yi, kuma in ba ta gan shi da idonta ba, ƙarshen wata su biyu za a zauna da su. Wannan ta ƙarshen ce ta zaunar da shi.

Ya ce wayar wutar teburin taga ta ratsa tsakar ɗaki, tsintsiya ba ta wucewa, dole ya zare ta daga bango. In ya zare, sai ya rufe murafen kwamfutocin shida ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙura ta shiga tsakanin maɓallansu. Ya maimaita wannan sau biyu, da ƙarfi, ko Dogo yana kusa. In ya gama shara ya mayar da waya, ya buɗe murafen yadda ya same su. Kafin ya gama goge taga sun fara ihu.

Yarinyar ta riƙa maimaitawa a bakinta. A zare wuta, a rufe, a mayar da wuta, a buɗe. Wato kwamfuta ta yi barci a kan batir, ta farka a kan wutar bango. A ɗakin gwaji babu injiniyan da ya taɓa sunkuyawa ya zare waya. Wa zai shiga ƙarƙashin tebur da wandon ofis?

Ta je ta kira Manaja da Dogo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarsa, ya ƙi shiga. Ya ce bakin da ya ce fita shi zai ce shigo. Manaja ya duba agogo, ya dubi silin, sannan ya ce Baba ya shigo. Baba ya ce bai ji ba, kunnensa ɗaya gobara ta taɓa. Manaja ya sake faɗa yadda mai gadi zai ji.

Ya yi aikinsa ba gaggawa. Ya zare waya, ya rufe murafe shida, ya share ƙarƙashin teburin tas, domin sati guda babu wanda ya share, ya tara ƙurar a gaban takalmin Dogo ya bar ta nan. Ya mayar da waya, ya buɗe murafe. Can ta farko ta fara huci, ta biyu ta amsa, kafin a ce haka duka shidan suna ihu kamar za su tashi sama.

Hannun Dogo ya tafi ga maɓallin kashewa da kansa, irin na sabo. Baba ya cafke shi da yatsunsa uku, kuma yatsu ukun nan sun fi biyar ɗin wasu.

"Kada ka kuskura. Wata uku kana binne gawa kafin likita ya gani, sannan ka ce mai shara ne ya kashe ta."

'Yar ƙanwar ta zauna gaban ta farko, ta buɗe baƙin allon da suke rubutu a ciki. Ta tambayi direba a wane gudu ake, ya ce ɗari takwas. Ta tambayi ƙwaƙwalwar ita kanta, ta ce dubu uku da ɗari biyu. Ta juya allon Manaja ya gani. Ta yi bayani a taƙaice: kafin barci direba ya rubuta wa kansa cewa ya ja linzami. Da kwamfuta ta farka ta ji wutar bango, kayan cikinta suka saki linzamin gaba ɗaya ba su gaya masa ba. Shi kuma maimakon ya duba, sai ya leƙa abin da ya rubuta, ya ga ai ya riga ya ja, ya naɗe hannu.

Baba ya ce abin da ya faɗa ke nan tun satin farko, sai dai shi bai sa tabarau ba.

Dogo ya cire na goshin ya goge. Ya ce to, amma fa wannan ba amfani na ƙa'ida ba ne, babu mai yi wa kwamfuta haka.

"Babu mai yi?" in ji Baba. "Malamar da ke maƙwabtaka da ni kullum haka take yi. Ta rufe a wurin aiki, ta zo gida ta jona, ta buɗe. Duk duniya haka ake yi, ɗana. Ku kaɗai ne kuka ɗaure naku a bango kamar awaki, kuna gwada su a kan tsabta."

Gyaran ya ci kwana biyu. Na farko da ta yi ya wuce gona da iri: kwamfuta ta farka a sanyaye, amma ko an ɗora mata aiki ba ta ɗaga ƙafa. Tun kafin ta duba lamba Baba ya ɗora tafi ya ce ta kashe wa dabbar zuciya, ba a ce a karya mata ƙafa ba, a riƙe ta aka ce. Ta koma ta sake. Na biyun layi bakwai ne kacal: duk farkawa, direba ya watsar da abin da ya rubuta, ya tambayi ƙwaƙwalwa inda take, sannan ya sake kama linzami daga nan. Sau ashirin Baba ya zare waya ya rufe ya mayar ya buɗe, gwiwarsa tana ƙara, yana cewa gwiwar da ta fito daga ƙarƙashin babbar mota ba tebur ne zai kayar da ita ba. Sau ashirin shidan suka farka shiru.

Washegari mai gadi ya kawo masa makulli a cikin ambulan, wai in ji Manaja. Baba ya ce a mayar. Inda aka karɓa nan za a bayar, kuma gaban waɗanda suka gani. Aka kira matar da ke amsa waya, mai gadi ya tsaya, Manaja ya miƙa makulli da hannunsa, ya ce maganar ƙarshen wata babu ita. Haƙuri dai bai fito daga bakinsa ba, na Dogo ma haka, kuma Baba ya ƙirga wannan ya ajiye.

'Yar ƙanwarsa ta nuna masa bayanin da ta tura tare da gyaran, inda ake rubuta wanda ya gano matsala. Ta ɗora yatsa a kan sunansa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya tambaya me ya sa aka kai shi can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, alhali layi bakwai ɗin suna sama suna shan iska. Ta ce haka ake yi wa kowa. Ya ce shi ba kowa ba ne.

A jerin gwajin da ake yi kafin a fitar da sabuwar manhaja an ƙara ɗaya, kuma ƙa'ida ta ce babban injiniya ne zai yi da hannunsa. Ranar farko Baba ya jingina da tsintsiya yana kallon Dogo ya naɗe wando, ya shige ƙarƙashin teburin taga, ƙafafunsa sun miƙe har tsakar ɗaki. Ya fito da waya a hannu, ƙura a gwiwa, ya tsaya yana tunanin abin da ke biye.

"Murafe," in ji Baba. "Ɗaya bayan ɗaya. Kuma ɗaga ƙafarka, a kan sharata kake."