Ƙotar Roba a Kafaɗar Hagu

Likita a garin Billings ya ce idona na dama ya tafi, ba zai dawo ba. Da shi nake saita bindiga tun ina saurayi. Ko dai in koyi harbi da kafaɗar hagu kafin a buɗe farautar barewa, ko in zauna gida.

Ƙotar bindigata ta katako ce, ni na sassaƙa ta. Na bar mata tudu a gefe ɗaya inda kunci ke kwanciya, don mai harbi da dama. Da na juya ta hagu, kuncina ya rasa wurin zama, saiti ya yi ta yawo.

Na kai ta shagon Orval Tveit, mai gyaran bindiga, abokina tun muna yara.

"Harlan, mai ido ɗaya!" in ji shi. "Ka zo sayar da ita ke nan?"

"Ka mutu tukuna, tsohon banza. Ƙota nake so."

Ya jera mini su a kan tebur. Duk roba, baƙaƙe, marasa kyan gani.

"Wannan ai bokitin wanka aka narkar," na ce.

"To kawo taka ta katakon in sa zarto in goge tudun, a huta."

Na ɗora hannu a kan katakon. Ban ba shi ba.

Ya sa na ɗauko rigar sanyina daga mota na saka, don a cikinta zan yi harbi, ba a singileti ba. Ya ce in rufe ido, in ɗaga bindiga, in buɗe. Ta fari ta yi tsawo. Wata ta yi ƙasa. Da na ɗaga wadda ta fi duka muni, na buɗe ido, sai ga saiti tsaye a gabana.

Muka kafa farantin takarda a bayan shago. Daga kusa na huda tsakiyarsa. Daga nesa harsashi ya tashi ƙura a gefe.

"Barewar da ta tsaya nesa ta tsira bana," in ji Orval.

"Ba zan harbe ta ba. Kurmin bakin rafi zan shiga, in jira ta kusa."

"Da wannan gwiwar taka mai ciwo?"

"Ɗaure ƙotar da kyau," na ce. "Surutu ya isa."