Ƙofar Bayan Masaukin Alhaji Kaumi

Saleh mai walda ya riga ya jona injinsa a gindin tsohuwar ƙofar baya sa'ad da Alhaji Kaumi, mai masaukin, ya shigo ya tsaya a kansu, shi da Sa'adiya.

"Sa'adiya, wa ya ba ki izini?"

Shekararta shida tana manaja a nan. Ta ɗan rusuna ta miƙa masa takardar 'yan kwana-kwana.

"Baba, jami'in ya ce ɗaki sha huɗu, ƙofa ɗaya, ba zai yiwu ba. In wuta ta tashi a kicin, na ɗakuna shidan baya ba su da mafita. Jibi zai dawo. In bai ga mafita ba, zai rufe mu."

Alhaji bai karɓi takardar ba.

"Ni na sa aka liƙe ta. Lokacin tashin hankalin nan, kina makaranta. Kowa a unguwar Yerimaram ya toshe bayan gidansa. Ta baya mahara suke shigowa."

"Yanzu maganar fita ake yi, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sau uku ana mata fenti tare da bango, har ta kusa ɓacewa. Ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Yanka," ya ce.

Saleh ya shafa bakin ƙarfen. "Kai! Wanda ya yi waldar nan bai yi niyyar a buɗe ba sai tashin ƙiyama."

"Babanka ne," in ji Alhaji. "Yi aikinka."

Sau biyu aka ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi sai da aka wanke fulogi. Sa'adiya ta wuni a tsaye, hayaƙi ya sa mata ciwon kai. Bayan la'asar ƙofar ta yi ƙara, ta buɗe.

Bango ne a bayanta. Bulo sumul har sama, ko hannu ba zai shiga tsakani ba. Ta ciki ana jin keken ɗinki.

Saleh ya ƙwanƙwasa bangon. "Shagon Mahdi tela ne. Shekara bakwai da gina shi a lungun. Ni na yi masa taga."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Hajiya, ƙofa kika ce in yanka."

Alhaji ya share fuska da tafin hannu, ya tashi zai yi alwala.

Sa'adiya ta koma teburin karɓar baƙi. Ta cire makullan ɗakunan baya ɗaya bayan ɗaya, ta zuba su a jakarta. Na gaba kuwa duk akwai mutane a ciki.

Keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Fataken shanu uku suka shigo da jakunkuna, ƙafafunsu buɗu-buɗu.

"Hajiya, sannu da aiki. Akwai ɗaki?"

Daga bakin famfo Alhaji ya ɗago kai, buta a hannunsa.

"Babu," ta ce. "Mun cika."

Alhaji ya sunkuya ya ci gaba da wanke ƙafarsa.