Sassaben Gonar Malam Dawuda

A Dudunni, idan ana so a san manomi, gonarsa ake dubawa kafin ruwa ya sauka. Wanda ya share tasa fes, ya tara kirare ya banka wuta, shi ne namiji. Wanda ya bar tsiron sabara da kalgo kuwa, ba a zaginsa a gabansa, sai dai a yi ta tambayar iyalinsa ko lafiya.

Malam Dawuda ya san haka sarai, domin shi ma a da yana cikin masu tambayar. Amma gonar da ya gada ta gaji. Iska ta kwashe ƙasar kirki ta bar masa yashi, geron da yake samu ba ya kai gidan tsakiyar rani. Ɗansa Fa'izu, wanda shi kaɗai ya rage masa a gida, ya fara zancen tafiya Kudu, kuma Dawuda ya ga yadda masu tafiyar nan suke mance hanya.

Da aka kira manoma bita a Kankia, ya je ne don jin labari. Malamar gona, wata Shamsiyya da ba ta kai sa'ar 'yarsa ba, ta ce kada su sare tsiron da ke fitowa daga tsofaffin kututture. A zaɓi masu ƙarfi a rage sauran. In sun girma za su tare iska, ganyensu ya zama taki. Maganar ta shige shi. Ya dawo ya yi yadda aka ce, amma bai gaya wa kowa dalili ba. Dattijo kamarsa ya ce yarinya ce ta koya masa noma? Ya gwammace a ce masa rago.

Damina biyu yana lallaɓa itatuwan nan har suka kai masa kafaɗa. Ƙasar gindinsu ta fara baƙi, geron wurin ya fi na ko'ina kauri.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi cikin bazara. Ranar da ya iya miƙewa, ya dogara sanda ya nufi gona. Tun daga nesa ya hango hayaƙi, ya ji waƙar gayya. Samarin gari ne da addunansu, gumi sharkaf, sun share gonar tas. Ko reshe ɗaya ba su bari ba.

Fa'izu ya tarye shi da fara'a. "Baba, ni na kira su. Na gaji da jin ana hwaɗin ƙarhinka ya ƙare. Yanzu kowa shi zo shi gani."

Dawuda ya ji kamar ya zauna ya yi kuka. Amma mutane sun bar nasu aikin sun yi masa nasa, ba abin da ya dace da su sai godiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka, muryarsa na rawa, su kuwa suka ɗauka daɗi ne.

Da suka watse, ya zaunar da Fa'izu kusa da wani kututture mai ɗanyen sara, ya gaya masa komai: bitar Kankia, da malamar, da yadda yake ta rainon itatuwan don gonar ta farfaɗo, Fa'izu ya fasa tafiya Kudu.

Fa'izu ya dubi tokar da iska ta fara ɗiba.

"Baba," ya ce a hankali, "kullum tare muke cin tuwo. Mi ya hana ka hwaɗa mani?"