Katin da Nicanor Ya Maƙala wa Amarya

Allura na hannun Nicanor mahauci, amarya na juyi a tsakar fili, shi kuwa ya tsaya yana gumi da ɗan kati a tafin hannu.

A garinmu duk mai son rawa da amarya sai ya maƙala mata kuɗi a riga, idon kowa na kansa. Fulgencio mai shagon taya ya riga ya gama tasa rawar. Ya jera wa amarya Maricruz takardun kuɗin peso tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, ya koma kujera yana fifita da hula. Shekara da shekaru suna wannan gasa da Nicanor, ko a jana'iza sai sun auna furen ta'aziyyar wa ya fi girma. Yau kuwa ba ranar shan kaye ba ce, domin Nicanor ne uban baftismar amarya.

Matsalar ita ce Aurelio na ofishin haraji, kawun ango, wanda ke zaune a teburin gaba. Tun da Nicanor ya buɗe rumfar nama, labari ɗaya yake ba shi: kasuwa ta mutu.

"Idan ya ga na liƙa wa yarinyar nan kuɗin firiji, ina zan ce na samo?" Haka ya tambayi matarsa Eduviges ana saura mako biki.

"Wa ya ce maka ana karɓar haraji a kan kuɗin rawa?"

"Ni ba harajin nake tsoro ba, tambayar."

"To ba ta a ɗaki mana, a rufe."

"A rufe? Fulgencio ya ji a ina?"

Shi ya sa ya tafi birni ya sayo katin kyauta, irin wanda ake zuba wa kuɗi a yi sayayya da shi a intanet. Ba suna a jikinsa, ba adadi. Mai shagon ya ja masa kunne kada ya kankare bayan katin, domin duk wanda ya ga lambar da ke ɓoye a wurin tamkar ya riƙe kuɗin ne. Nicanor ya dawo gida yana yaba wa kansa basira. Abin da bai lissafa ba shi ne, a filin rawa kati bai da kwarjini ko kaɗan.

"Mutumina, wannan kuma mene ne?" Fulgencio ya ɗaga murya. "Katin asibitinka ka kawo wa amarya?"

Fili ya ɗauki dariya, har mai busa ƙaho ya sarƙe.

"Abin da ke cikinsa ya ninka tarkacen da ka liƙa mata," in ji Nicanor.

"Nawa ne? Faɗi mu ji!"

Nicanor ya waiga. Kujerar Aurelio ba kowa, ya tafi layin ƙarin miyar mole. Duk da haka bai yarda ya faɗa da baki ba, domin Aurelio kunne gare shi kamar zomo. Sai ya sa farce ya kankare bayan katin tas.

Eduviges ta miƙe. "Nica! Ba an ce maka…"

"Zauna, mace. Ungo, Fulgencio, duba da wayarka. Ka gani da idonka."

Fulgencio ya sa tabarau. Ya dubi gaban katin, ya dubi bayansa, ya yi ta latsa waya. Can sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana latse-latse, fiye da yadda duba adadi ke buƙata, sannan ya miƙo katin da hannu biyu.

"Na sara maka," ya ce a hankali. "Allah ya ƙara buɗi."

Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin na Nicanor a wannan yammacin ba. Allura ta ƙi shiga katin, ya sa ƙarfin mahauta ya huda gefensa, ya maƙala wa Maricruz a kafaɗa. Ya yi rawa har takalmi ya fita.

Bayan mako guda shi da Eduviges suka je ganin ɗakin amarya. Suna shiga suka tarar da sabon firiji mai ƙofa biyu, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba.

Nicanor ya shafa shi. "Har kin kashe katin ke nan, 'yata?"

Maricruz ta sunkuyar da kai. "Baba, kada ka ji komai. Mun gwada, aka ce ba ko sisi a ciki. Wallahi ba mu riƙe ka ba, kowa ya san yadda kasuwar nama ta koma."

"To wannan fa?"

"Kawu Fulgencio ne ya aiko. Ranar bikin ma ya yi odarsa, bai gaya wa kowa ba. Mutumin kirki."

Nicanor ya nemi kujera. Eduviges ta matso kusa da kunnensa.

"Tashi mu je ka kai ƙara."

"In ce musu nawa aka sace?"

"Oho. Kai ka sani."

Kafin ya amsa sai ga Aurelio ya shigo, shi ma ya zo ganin ɗaki. Ya cire hula, ya kama hannun Nicanor da hannu biyu.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa. Duk shekarun nan na ɗauka ƙarya kake mini. Sai da na ji labarin katin nan a kasuwa jikina ya yi sanyi. Mutum ya kai ga maƙala wa 'yarsa katin banza, ai abin ya kai inda ya kai."

Nicanor ya dubi firiji, ya dubi Aurelio.

Maricruz ta tsiyayo masa ruwa a kofi. Ya shanye a hankali.

"Yana sanyi da kyau ko, Baba?"

"Sosai," in ji Nicanor. "Mai kyau ya zaɓa."