Sara a goshin Talle

Shekarun juyin juya hali da kowa ya koma kamarad, wato ɗan'uwa a gwagwarmaya, har mai sayar da doya a kasuwar Arzèkè, unguwar Banikanni ta Parakou tana da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samari. Mai yi musu fuska shi ne Yahouza. Da ƙaro da auduga da toka yake tsufar da saurayi, ya dafa zoɓo da sitaci ya zama jini. Shi ya koya wa Massaoudou, ɗan wani mahauci, yadda ake narka ƙaro. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya bar shi da wanke hanji.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Massaoudou ya girma yana kallon yadda wuƙa ke buɗe nama, sai ya fara sa tantanin hanjin akuya da ɗan kitse a cikin ciwon da yake yi. 'Yan ƙungiya suka koma layi a gabansa. Yahouza yana yaba masa da baki, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

Ana haka aka kira su gasar bikin juyin juya hali a Djougou. Labari ya zo cewa wani gwanin kwalliyar fim daga Cotonou zai zauna cikin alƙalai, kuma zai ɗauki mutum ɗaya ya koya masa aikin. Yahouza ya ɗauka kujerar nan tasa ce tun kafin a sassaƙa ta.

Ƙaro ba ya son gaggawa, don haka a gida suke yin fuska, ta bushe a hanya. Yahouza ya mai da shugaban ƙungiya tsoho tukuf. Massaoudou ya yi wa Talle, mai fitowa a manomin da 'yan mulkin mallaka suka sara, wani ciwo daga goshi zuwa kunne. Da Yahouza ya gani ya san shi bai taɓa yin irinsa ba.

A wani shinge kafin Djougou jandarma ya leƙa bayan kamiyon, babbar motar da ta ɗauko su, ya ga Talle, ya ce kowa ya sauko.

"Wa ya sare shi?"

"Aikin wasa ne, kamarad," in ji Massaoudou. "Bari in ɗaga gefe ka gani."

"Kada ka taɓa. Wa ke kula da irin wannan aiki a cikinku?"

Duk suka juya wajen Yahouza.

"Yaya, gaya masa mana," in ji Massaoudou.

Yahouza ya dubi ciwon, ya ji kishi ya turnuƙe shi. "Ni dai ba hannuna a wannan ciwo," ya ce. "Haka na gan shi."

Jandarman ya tsare Talle da Massaoudou sai likita ya duba, ya kori sauran. Ba wanda ya yi wa Yahouza magana har Djougou, shi kuma ko a jikinsa.

Aka yi wasa babu manomi. Gwanin Cotonou ya tattaɓa fuskar tsohon, ya ce ba laifi, ya tambayi sunan Yahouza. Yahouza bai gama faɗa ba motar jandarma ta tsaya. Talle ya sauko da goshi a wanke tas, ba ko alamar ƙaro, Massaoudou na biye da shi. Yahouza ya ji sanyi har cikin ransa.

Sai dai jandarman mai son labari ne. Yana dariya ya gaya wa alƙalai yadda ma'aikacin asibiti ya zare allura da zare, ya yi wa Talle allurar kashe zafi, sai da ya zo ɗinki ciwon ya biyo hannunsa.

Gwanin ya saki fuskar tsohon. "Wa ya yi shi?"

Aka nuna Massaoudou.

"Ba sai na gani ba. Ka shirya, gobe za mu Cotonou."

Massaoudou ya ratso mutane ya durƙusa gaban Yahouza, idonsa cike da ƙwalla. "Yaya, ka yafe mini, ɗazu har na zarge ka. Ashe dabara ka yi don a san aikina. Allah ya saka."

Mutane suka hau tafi. Yahouza ya ce amin, ya ɗago shi, don ba yadda zai yi.