Awakin Bernice da Mujallar da Za a Goge

Noreen Gallant na tsaka da ware mujallun da za ta goge daga kundin kwamfuta na laburaren kwalejinsu, sai Desmond Petrie ya leƙo da gahawa kofi biyu a hannu. Shekara da shekaru suna ofis ɗaya, ba su taɓa rasa abin musu ba. Na wannan makon a kan mujallun nan ne da wasu maƙalolinsu ke kyauta ga kowa, sauran kuwa a kulle sai an biya. Noreen ta gaji da ɗaliban da ke zuwa mata a fusace don sun danna sun tarar a kulle, kamar ita ta kulle. Ta ce a cire su duka a huta. Desmond ya ce da babu gara ba daɗi. Shugabarsu, Misis Arsenault, ta ce su kawo mata matsaya bayan abincin rana.

"Toshiyar baki ce wannan?" in ji Noreen, tana karɓar kofin.

"Ke ai taurin kanki ya fi ƙarfin kofi."

Ta sake zayyana masa hujjojinta. Ya saurara shiru, abin da ba halinsa ba, ya fita.

Fitarsa ke da wuya yayar Noreen, Bernice, ta kira ta daga gona. Awakinta biyu sun ƙi ci, suna ta tangaɗi, ga dusar ƙanƙara ta tare likitan dabbobi a wani ƙauye. Likitan ya ce mata ta waya yana zargin wata ciyawa a cikin harawar da ta sayo, amma Bernice ba ta san kamanninta in ta bushe ba.

Noreen ta nemi sunan ciyawar a kundin. Maƙala ta fito, kyauta, har da hotunan busasshen ganyen. Sai da ta tura wa Bernice sannan ta lura da sunan mujallar: tana cikin waɗanda ta ware.

Bernice ta gane ganyen, ta kwashe harawar, likita ya faɗa mata abin da za ta ba su. Kafin a tashi cin abinci ta sake kira tana dariya, wai ɗaya har ta fara tauna mata igiyar takalmi.

A ofishin shugaba Noreen ta gyara murya za ta ce a bar mujallun, amma Desmond ya riga ta. Ya ce ya yi tunani, gaskiya Noreen ce da gaskiya, a goge su kawai.

Noreen ta dube shi sama da ƙasa.

"Ban taɓa jin shawara marar kan gado irin wannan ba," ta ce.

Misis Arsenault ta cire tabarau, ta dubi wannan ta dubi wancan. Desmond kuwa ya jawo kujera, ya naɗe hannun riga, fuskarsa fal murna, sabon musu ya samu.