Goyo a Kan Sabon Babur

Naomi ta ja bakin zanin ta ɗaure a ƙirjin mijinta Ishaya, ta sake ja har sai da ya yi tari. 'Yarsu Celina tana kwance a bayansa, zafin jikinta yana ratsa rigarsa. Shekararta tara, amma amosanin jini ya hana ta girma. Tun da safe ta daina kuka, abin da ya fi tsorata su ke nan.

Ishaya ya ce a nemo tasi a kai ta asibiti. Naomi ta tuna masa yau Asabar ɗin tsabtar gari ce, ba motar da za ta motsa a unguwarsu ta Romi sai sojoji sun buɗe hanya, ita kuma da tsohon ciki ba za ta iya hawa ta riƙe yarinyar ba.

"Baban Celina, hau kawai. Don me ka sayi babur ɗin?"

Don irin wannan ranar ya saye shi, amma bai zaci za ta zo a makon farko ba. Rabin rayuwarsa a keke yake zuwa masaƙa a Kakuri, har yanzu jikinsa bai karɓi sabon zama ba. In ya matsa gaba gwiwa ta bugi tanki, in ya ja baya hannu ya ƙage. Tagwai makanike ya gaji da ce masa ya saki kafaɗa, ba kokawa ake yi da babur ba.

Ya taka, babur ya tashi. Mata masu share kwata suka ɗago suna kallon namiji da goyo, ba wadda ta yi dariya.

A kan kwalta ya gane goyon ya hana shi zaman da ya saba. In ya miƙe, ƙafafun Celina su yi lilo kusa da taya. Ya sunkuya kaɗan, ya matse tanki da cinyoyinsa, ya sassauta hannu. Babur ɗin ya daina rawa. A haka kuma bakinta ya zo daidai wuyansa, yana jin numfashinta, ɗumi-ɗumi, gajere.

Ya ƙara wuta, iska ta ɗauke ɗumin. Ya rage, ya ji shi ya dawo. Gudu ne zai kai ta da wuri, amma in ya yi gudu ba ya sanin ko tana nan. Haka ya yi ta ƙarawa yana ragewa, yana kiran sunanta ba amsa.

Kafin gada wani soja ya ɗaga bulala. Ishaya bai taɓa tsayawa ba tare da babur ya karkata ba, in kuwa ya karkata yau, a kan Celina zai faɗi. Ya rage wuta iya ragewa, ya juya kafaɗa don a ga abin da ke bayansa.

"Oga, asibiti. 'Yata ce."

Sojan ya dubi ƙafafun da ke reto, ya sauke bulalar, ya ce wa na gaba ya janye gangar da ta tare hanya.

A kan gada iskar kogi ta bugo daga gefe. Ya rage, bai ji komai a wuyansa ba. Ya ƙara ragewa har babur ya fara tangaɗi. Babu. Sai ya murɗa hannu gaba ɗaya, bai sake sassautawa ba.

A ƙofar asibiti ya sauke ƙafa biyu, babur ya tsaya cak. Bai sauka ba, bai taɓa ƙullin zanin ba. Wani dattijo mai gadi ya taso yana cewa nan ba wurin ajiye babur ba ne.

"Baba, don Allah zagaya ka duba mini fuskarta."

Dattijon ya zagaya. Ishaya ya kafa ido a madubi, inda ba ya ganin komai sai hular mutumin tana sunkuyawa.

"Idonta biyu," in ji dattijon. "Wai ka matse ta."

Ishaya ya kai hannu ƙirjinsa, yatsunsa suka kasa kama ƙullin. Dattijon ne ya kwance.